Mai faci, rubuta mana yadda ka yi

A unguwarmu, Shahuci, akwai wani ɗan shago da ake cajin waya, nan samari ke taruwa bayan Isha'i ana buga bal a waya. PES ce a kan PPSSPP, manhajar nan da wani ɗan Suwidin, Henrik Rydgård, ya fitar a 2012, wadda ta sa wayar hannu take iya ɗaukar gem ɗin PSP. Abin da da yawa ba su sani ba, PES ta ƙarshe da Konami ya yi wa PSP ita ce ta 2014. Ke nan duk wadda ka ga an rubuta mata 2024 ko 2025, da sabbin 'yan wasa da sabuwar jesi, tsohuwar mota ce aka yi wa sabon fenti. Faci ne. Wasu ne suka zauna suka canja hotuna da sunaye, suka saki.

Ba ni da ja da masu faci. Ƙorafina a kan yadda suke koyar da shi ne.

A hutun da ya wuce ƙanina ya matsa mini sai na sa masa sabon faci, tunda ni ne ɗan Poli mai karanta kwamfuta a gidan. Na nemo bidiyo. Minti sha huɗu, uku na farko gaisuwa ce da roƙon a danna ƙararrawa, ga kiɗa ya danne muryar mai bayanin. Yatsansa na gudu a kan allo, na mayar baya ya fi sau goma. Bayan na sauke fayil mai nauyin fiye da giga ɗaya, ZArchiver ta nemi kalmar sirri, ashe an ɓoye ta a tsakiyar wani bidiyon daban. Da ƙyar na samo. Sai mutumin ya ce a kwafi folda a zuba, in waya ta yi tambaya a ce mata e. Na ce e. Wannan e ɗin ta shafe foldar SAVEDATA ta yaron, Master League ɗin da ya yi wata biyar yana ginawa ta tafi. Kwana biyu bai yi mini magana ba, kuma wallahi da gaskiyarsa.

Layi ɗaya ne ya rasa: kafin ka taɓa komai, kwafi SAVEDATA ka ajiye a gefe. Shi ke nan fa.

Shi ya sa nake cewa mu da muka iya abin nan mu riƙa rubuta shi, da Hausa, mataki-mataki. Rubutu ba ya cin data, ana tura shi ta WhatsApp ya zauna a waya, mai karatu ya tsaya inda ya ga dama. Amma ba kowane rubutu ba. Fara da gaya wa mutum wace waya ka gwada a kai da wace sigar PPSSPP, domin daga Android 11 wurin ajiyar fayil ya canja, a wasu wayoyin foldar PSP tana can cikin Android/data, wanda ya bi bayanin 2019 sai ya yi ta nemanta a inda ba ta. Gaya masa nauyin fayil tun kafin ya sa hannu a aljihu. Kowane mataki aiki ɗaya, kuma a ƙarshensa ka faɗi abin da zai gani a allo in ya yi daidai. Wannan na ƙarshen shi aka fi tsallakewa. Mutum ya zuba TEXTURES a wurinta, ya buɗe gem ya ga tsohuwar jesi, ya ɗauka fayil ɗin ne ya lalace ya sake saukewa, alhali zaɓin Replace textures ne ba a kunna ba. Kai da ka sani, me zai rage maka in ka faɗa?

Na san abin da za a ce. Wai Hausa ba ta da kalmomin. Ai ba fassara maballi aka ce ka yi ba, bar sunansa yadda yake a allo don mutum ya gane shi, ka yi bayanin da harshen da kake ciniki da shi a Farm Centre. Wasu kuma su ce in suka rubuta, wa zai sake kawo musu waya ya biya? Wannan ta fi nauyi, don akwai masu cin abinci da ita. Amma wanda ba ya son wahala zai kawo wayarsa ko an rubuta ko ba a rubuta ba, kuma wurin wanda aka shaida ya iya bayani zai kai.

Sannan kada a raina abin a ce wasan yara ne. Counter-Strike ya fara ne a 1999 a matsayin facin Half-Life, kuma Minh Le, ɗaya daga cikin mutum biyun da suka yi shi, ɗalibi ne a lokacin. Mu a nan ma, wanda ya iya rubuta yadda ake sa jesin Kano Pillars a gem har wani ya bi bai ɓata ba, ba zai sha wuyar rahoton furatikal ko littafin SIWES ba. Aiki ɗaya ne: me ka yi, da me, me ya biyo baya.

Na rubuta nawa, mataki tara. Na miƙa wa ƙanin nawa na koma gefe na kama bakina. A mataki na huɗu ya tsaya, ya ɗago ya ce, "Yaya, ka ce in fitar da fayil ɗin, in fitar da shi ina?" Na karɓi takardar na raba matakin biyu. Yanzu goma ne, ana nan ana gwada shi a shagon caji.