Tsakanin filin ƙwallo da sahun Magariba

Ya ku 'yan'uwa masallata na Dawce da kewaye.

Akwai wata al'ada ta mabiya ɗarikar Katolika a wasu ƙasashe wadda ya kamata mu tsaya mu dube ta da idon basira. Mazansu, magidanta da samari, sukan ware kwana biyu ko uku su bar gari su sauka wuri guda. Da safe su yi addu'o'insu, da rana su buga ƙwallo ko su yi tsere, da dare su zauna da limaminsu kowa ya faɗi abin da ke ci masa tuwo a ƙwarya game da iyali da sana'a da imani. Abin yana da tushe a wurinsu. A birnin Turin na Italiya, wani limaminsu mai suna Don Bosco, wanda ya rasu a 1888, ya riƙa tara yaran titi da wasanni, sannan ya koya musu addini da sana'a. Ƙungiyar ƙwallon Celtic ta Glasgow ma wani malamin Katolika ne, Walfrid, ya kafa ta a 1887 domin a samu kuɗin ciyar da matalauta.

Aƙidarmu daban, tasu daban, kuma babu mai neman a gauraya su. Amma sun gane wani abu game da halin ɗa namiji: wanda kuka yi gumi tare da shi ya fi saurin buɗe maka cikinsa fiye da wanda yake jin muryarka ta lasifika kawai.

Yanzu mu dubi gida. Bayan La'asar samarinmu suna fili, dattawa suna gindin bishiya ko ƙofar masallaci. Ladan ya kira Magariba ana tsaka da wasa, sai sahu ya tashi da furfura zalla. Mukan yi faɗa a huduba, alhali waɗanda ake yi dominsu suna fada wajen shayi ko gidan kallon ƙwallo. Idan kaka ta wuce kuma su tafi ci-rani Kano ko Agadas, wasu har Aljeriya da Libiya, ba tare da wani babba ya taɓa zama da su ya ji damuwarsu ba. Mun ga abin da ya faru a Damagaram ranar Juma'a 16 ga Janairun 2015, lokacin da fushin zanen ɓatanci na wata jaridar Faransa ya ƙare da ƙona majami'un maƙwabtan da ba su zana komai ba. Matashin da ba shi da babban da yake jin kunyarsa, duk wanda ya fi ɗaga murya shi zai ja shi.

Wani zai ce wannan kwaikwayon waɗanda ba Musulmi ba ne, kuma wasa shagala ne. Tsoronsa yana da dalili, domin an hana mu kwaikwayonsu a ibada da alamomin addininsu. Sai dai dabara mai amfani hukuncinta daban. Haƙa ramin Handaƙ shawarar Salmanul Farisi ce daga abin da ya sani a Farisa, kuma Annabi (SAW) ya karɓa. Wasan motsa jiki kuwa namu ne tun asali. Ya tabbata cewa Manzon Allah (SAW) ya yi tsere da Nana A'isha (RA), ya shirya sukuwar dawaki a Madina, ya kuma bar Habashawa suna wasa da māsu a cikin masallacinsa ranar idi. An ruwaito cewa ya yi kokawa da Rukana ya kayar da shi. A ƙasarmu ma, tun 1975 ake gasar takobin kokawa, kuma kowa ya san yadda take tara Nijar wuri guda.

Saboda haka ra'ayina shi ne kwamitin masallaci ya taka ya je fili. A samu magidanta biyu ko uku masu sauran ƙarfi su shiga cikin samarin, su yi alƙalanci ko su buga tare da su. A ajiye jarkar ruwa da butoci a bakin fili, a busa tashi minti 15 kafin faɗuwar rana, a taho masallaci tare. Sallar jam'i ta fi ta mutum ɗaya da daraja 27, kuma wannan riba ce da bai kamata a bari ta wuce saboda ƙwallo ɗaya ba. Bayan an gama girbin gero, kafin a watse ci-rani, a ware yini guda: karatu bayan Asuba, kokawa da langa da ƙwallo da hantsi, a ci tuwo a akushi ɗaya, da dare liman ya zauna ya saurara fiye da yadda zai yi magana.

Sharuɗɗan a bayyane suke. Wando ya rufe daga cibiya zuwa gwiwa. Babu caca a kan sakamako, babu zagin iyaye, babu laya ko asiri don neman nasara. Wanda aka kayar a ɗaga shi, wanda ya ji ciwo a je gidansu dubiya, wanda aka rasa a sahu kwana uku a tambayi lafiyarsa. Idan akwai Kirista maƙwabci, malamin makaranta ko ma'aikacin asibiti da aiki ya kawo shi, ya zo ya buga. Suratul Mumtahana aya ta 8 ta ba mu izinin kyautata wa wanda bai yaƙe mu ba.

Ya ku iyaye, icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma mai tanƙwarawa sai ya matso kusa da shi. A kawo wannan magana zaman kwamiti na Juma'a mai zuwa, a fitar da sunayen waɗanda za su fara zuwa fili.

Allah Ya shirya mana zuriya, Ya cika sahunmu da matasa, Ya zaunar da ƙasarmu lafiya. Amin.

Wassalamu alaikum wa rahmatullah.