Martani: Masana'anta Ba Ta Shuka Tumatir

Marubucin da ya ce babbar masana'anta kaɗai za ta ceci manoman tumatir a Kano ya manta da Kadawa. An buɗe kamfanin Dangote a can a 2016, amma sau da dama injina suka tsaya cik don rashin tumatir: tsutsa ta cinye gonaki, kuma da farashi ya tashi, manomi sai ya loda kwandunansa zuwa Legas. Za a ce manoma ne suka saɓa alkawarin sayar wa kamfanin. To, mai bashin taki da man injin ban ruwa zai sayar da araha? Ciwon yana gona: rashin iri nagari, maganin ƙwari, wurin shanya kauɗa ba bakin titi ba. Malam, a fara gyara nan tukuna.