Annabci da Rumbu

'Yan'uwa, mukan saurari annabci kamar masu jin tatsuniya, muna ta lissafin ranar shari'a, wadda Ubangiji Yesu ya ce ko mala'iku ba su san ta ba. Amma sa'ad da Yusufu ya bayyana mafarkin Fir'auna, bai tsaya nan ba, sai da aka tara humushin hatsin Masar har shekara 7. Mu mutanen Durun ba a koya mana mugunta ta rumbu wofi, gama kakanninmu sun ga yunwar Kakalaba a ƙasar Kano cikin 1914. Allah ya faɗakar da mu, me muka ajiye? Ga bashin da ba mu biya ba, ga ɗan'uwan da muke gaba da shi tun bara, gidansa kuwa ba nisa.