Kafin Ki Haɗa Sana'a Da 'Yar'uwarki Ta Maraɗi

 

A wannan watan wasiƙar wata baiwar Allah ce daga Ɗambatta ta tsayar da ni. Sana'arta zane. Ba ita ke ɗinki ba, ita ce ke zana fure da tsarin ado a kan ƙyallen hula da zanin gado, sannan ta rarraba wa matan unguwa da na ƙauyukan kewaye su bi da zare da allura. In za a aurar da yarinya, ita ake nema ta ba da shawarar kalar labule da shimfiɗa da yadda za a jera ɗaki. Tana da 'yar ƙanwar mahaifiyarta da ke aure a Maraɗi, mai irin wannan sana'a, sai dai ita ta fi ƙwarewa a adon wuyan shadda. To, ta Maraɗin ce ta kawo shawarar su haɗe: suna ɗaya, littafin zane ɗaya, asusu ɗaya. Tambayarta ita ce, ta yarda ko kuwa?

'Yar'uwa, ni dai ban ga laifin haɗuwar ba. Ke kina da hannu da yawa masu ɗinki, ita tana da masu saye da ke biya da sefa. Zumunci tsakanin Kano da Maraɗi ya girmi iyakar da Turawa suka shata, ga shi kuma layin dogon Kano zuwa Maraɗi da aka ƙaddamar da aikinsa a 2021 ta Ɗambatta aka tsara zai bi, ya wuce Kazaure da Daura da Katsina da Jibiya. Abin da ya dame ni a wasiƙarki shi ne kin lissafa kekunan ɗinki da kuɗin da kowa za ta zuba, amma ba ki ambaci littafin zanenki ba ko sau ɗaya. Alhali shi ne jarinki na gaske.

Keken ɗinki in ya lalace a sayi wani. Amma furen da kika shekara goma kina gyara shi, har mata suka san shi da sunanki, ranar da kika ɗauki hotonsa kika tura Maraɗi ta WhatsApp ya fita hannunki ke nan. In kun zauna lafiya, madalla. In kun rabu fa? Na wa ne? Za ta ci gaba da ɗora shi a wuyan riga? Ke za ki ci gaba da amfani da nata? Wanda kuka zana tare kuma fa? Na sha ganin 'yan uwa na jini sun daina gaisawa a kan abin da bai kai wannan ba. Don haka ki samo littafi, ki ba kowane zane lamba, ki rubuta ranar da aka yi shi, ita ma ta yi haka, ku sa hannu a gaban shaidu cewa wannan na wance ne tun kafin haɗuwa.

Haka batun suna. Ko manyan kamfanonin duniya ba su tsira ba. A 2015 kamfanin Wipro na Indiya ya sayi Designit, wani kamfanin masu ba da shawara kan tsara kaya na ƙasar Denmak. A 2017 ya sake sayen wani irinsa na Amurka mai suna Cooper, ya haɗe su wuri guda. Ba a jima ba sunan Cooper ya narke cikin na Designit. Su ga lauyoyi gare su rututu, amma suna ɗaya ne ya rayu. Ke ma ki tambayi kanki tun yanzu ko za ki iya jure ranar da mai sayen da kika saba da ita za ta zo tana neman kayanki da sunan wata. Ki kuma sani rajistar da kika yi wa suna a hukumar CAC ta Nijeriya ba ta aiki a Nijar. Can dokarsu daban, takardunsu ma da Faransanci ake cika su.

Sai kuɗi, kuma nan ne aka fi yin kuka. Sefa a ɗaure take da kuɗin Turai, kusan sefa 656 a yuro ɗaya, ba ta motsawa daga nan. Naira kuwa kowa ya ga abin da ya faru. Kafin Yunin 2023 dala ɗaya tana wajen naira 460 a farashin gwamnati, zuwa Fabrairun 2024 ta haura 1,500. A ce kun zuba jari daidai wa daida a farkon 2023, ke da naira, ita da jikunan sefa, kowa ta riƙe nata a hannu. Bayan shekara guda nata ya ninka naki nesa ba kusa ba, ba tare da ɗayarku ta yi wani laifi ba. Daga nan sai a fara "ai ni na fi zubawa". Ku zaɓi kuɗi ɗaya da za a riƙa lissafi da shi, a canja jarin kowa zuwa shi tun ranar farko, a rubuta.

Malamanmu na Malikiyya ma ba su bar wannan babi ba. Sun hana tarayyar da ɗaya zai kawo zinariya ɗaya ya kawo azurfa, sun kuma ce riba da hasara su bi gwargwadon jarin kowa. A tarayyar masu aikin hannu, littafin Risala ya ambaci a yi aikin a wuri ɗaya, Muhtasar na Halil kuwa ya sassauta ko da a wuri biyu ne. Ni ba malama ba ce, fatawa ba tawa ba ce. Ki kai wa malamin da kika amince da shi maganar dalla-dalla, kada ki ɓoye masa cewa ɗayarku na Ɗambatta, ɗaya na Maraɗi.

Kada kuma ki manta da iyaka. An rufe ta a Agustan 2019, ba a fara buɗewa ba sai Disamban 2020. Bayan juyin mulkin Nijar na 26 ga Yulin 2023 aka sake rufewa, sai Maris na 2024 aka buɗe. Zane dai zai tsallaka ta waya, amma zanin gadon amarya ba zai bi iska ba, biki kuma ba ya jira. In aka karɓi kuɗin mutane kaya suka maƙale a Jibiya, wa zai biya? Shawarata, kowace ta riƙe masu ɗinkinta da zarenta a garinta yadda za ta iya cika alkawari ita kaɗai in hanya ta toshe.

Maigida fa? Dukiyarki taki ce, wannan ba gardama. Amma ya san da maganar tun daga tushe, musamman tunda akwai tafiya da aike a ciki. In son samu ne, shi da mijin 'yar'uwar taki su kasance cikin shaidu. Ku rubuta har abin da za a yi in Allah Ya karɓi ran ɗayarku, don kada a bar marayu da rigimar da ba su san farkonta ba. Na san za ki ce da kunya ki ce wa 'yar'uwa a yi takarda. Ki ce mata ni na sa ki.

In da ni ce ke, ba zan haɗa komai da komai a tashin farko ba. Zan ce mu gwada shekara ɗaya a kan abu guda, misali kayan ɗakin amare, kowa da sunanta a jiki, mu zauna bayan babbar salla mu duba littafi. In lissafi ya fita ba wanda ya ɓata rai, sai a yi maganar suna ɗaya da asusu ɗaya.

Ki sake rubuto mini in ji yadda kuka ƙare. Sai mun haɗu a wata mai zuwa, in Allah Ya kai mu.