Kada A Jira Yaro Ya Yi Magana Kafin A Taimake Shi

Gabatarwa

A garuruwanmu ba a rasa gidan da ake renon yaron da ya kai shekara uku bai taɓa cewa "Inna" ba. A kira sunansa ba ya waiwaye, amma da an taɓa ledar alewa a ɗaki sai ga shi ya sheƙo. Ba ya nuna abu da yatsa; idan ƙishirwa ta kama shi, sai ya ja hannun babba har bakin randa. Yana iya wuni yana jera marafan kwalba, a gusar da ɗaya kuwa kuka ya tashi. Ƙarar injin niƙa tana sa shi toshe kunnuwa. Uwa tana ganin duk wannan, hankalinta bai kwanta ba, amma amsar da take samu ɗaya ce: "Ki ƙyale shi, nauyin baki ne, babansa ma sai da ya shekara huɗu."

Wani lokaci maganar gaskiya ce, yaron ya buɗe baki daga baya. Wani lokaci kuwa shekarun da aka kwashe ana jira su ne waɗanda taimako ya fi amfani a cikinsu. Ra'ayina shi ne bai kamata a jira maganar yaro ba, bai kuma kamata a jira ƙwararren likita ba, kafin a fara taimakon. A gida ya kamata a fara shi, da hannun waɗanda ke renon yaron, cikin harshen da suke yi masa rarrashi da shi.

Suna da asalin lalurar

Kalmar otizim ta samo asali ne daga kalmar Girkanci mai nufin "kai", wato mutum shi kansa. A shekarar 1943 wani likitan ƙwaƙwalwar yara mai suna Leo Kanner, a birnin Baltimo na Amurka, ya bayyana halin yara 11 da suka yi tarayya a abu biyu: wahalar cuɗanya da mutane, da nacewa a kan maimaita abu ɗaya. A yau an san cewa lalurar ta shafi yadda ƙwaƙwalwa ke girma tun daga ciki, kuma gado yana da babban hannu a cikinta. Hukumar Lafiya ta Duniya ta taɓa kiyasta cewa kimanin yaro 1 cikin 100 yana da ita, kuma an fi gano ta a maza. Tana da matakai: wani yaron ba ya magana sam, wani kuwa har jami'a yake gamawa.

Ɗalibin Hausa zai lura cewa harshen bai tsayar mata da suna ɗaya ba. Kafafen watsa labarai sukan ce "galahanga", amma a bakin jama'a wannan kalma tana rufe lalurori daban-daban, har da waɗanda ake gane su a fuska ko a gaɓoɓi. Inda babu tsayayyen suna, sai bayanai na gargajiya su cike gurbin: ɗan ruwa ne, shafar aljanu ce, kambun baka ne, ko kuma uwa ce ta sangarta shi. Ɗora wa uwa laifi ba a kanmu aka fara ba. A Amurka an daɗe ana cewa sanyin zuciyar uwa ke kawo lalurar, har bincike kan tagwaye da aka yi a Ingila a 1977 ya karkata hankalin masana zuwa ga gado. Haka nan zargin allurar ƙyanda: maƙalar da ta tayar da shi a 1998 an janye ta a 2010, kuma wani bincike a Denmak kan yara fiye da 650,000, wanda ya fito a 2019, bai ga wata alaƙa ba.

Yadda al'ada ke iya rufe alamomi

Alamomin farko sanannu ne. Yaro ya cika shekara ɗaya ba ya gwaranci kuma ba ya amsa sunansa. Ya kai wata 18 ba ya nuna abu da yatsa don a tayashi kallo. Ya shekara biyu bai haɗa kalma biyu ba. Ko kuma ya rasa kalmomin da ya riga ya iya. Ɗaya daga cikinsu ba hukunci ba ce, dalili ne na a duba.

Sai dai akwai ɗabi'u uku na renonmu da ke iya jinkirta ganewa. Ta farko ita ce kunyar ɗan fari. Uwar da al'ada ta hana ta kiran sunan ɗanta, ko yi masa wasa a gaban mutane, ba lalle ta lura da wuri cewa ba ya amsawa ba. Ta biyu ita ce ladabin sunkuyar da kai: yaron da ba ya haɗa ido da manya, a wurinmu yabo yake sha. Ta uku ita ce yaye. Wasu yara masu otizim sukan rasa kalmominsu tsakanin wata 18 da 24, daidai lokacin da ake cire yaro daga nono a kai shi gidan kaka. Idan ya yi shiru, sai a ce kewa ce ko fushin yaye.

Waɗannan ɗabi'u ba su ke kawo lalurar ba. Abin da suke koya mana shi ne tambayoyin gwajin da aka tsara a Amurka, irin su M-CHAT-R mai tambayoyi 20 ga yara 'yan wata 16 zuwa 30, ba su wadatar ba idan fassara su kawai aka yi. Dole a san wa za a tambaya. Sau da yawa kaka, ko goggo, ko yarinyar da ke goyonsa ta fi uwar sanin amsa.

Abin da bincike ya nuna

Mafi shaharar tsarin horo na farko shi ne wanda Ivar Lovaas ya ba da rahotonsa a 1987 daga Kalifoniya, inda ake horar da yaro har awa 40 a mako. Ko a Amurka tsadarsa ta gagari iyalai da yawa, balle a Maraɗi ko Garwa ko zangon Kumasi. Da a ce wannan ce kaɗai hanya, da maganar ta ƙare.

Amma akwai wata hanya. A Ingila an gwada wani tsari mai suna PACT a kan yara 152 'yan shekara biyu zuwa huɗu. Iyaye ake horarwa: a ɗauki hoton bidiyon uwa tana wasa da ɗanta, sannan a zauna da ita a kalla, a nuna mata wuraren da yaron ya yi yunƙurin isar da saƙo ba ta lura ba. Sakamakon farko, a 2010, ya nuna mu'amalar uwa da ɗa ta inganta, ko da yake tsananin lalurar bai sauya sosai ba. Da aka koma kan yaran bayan kimanin shekara shida, rahoton 2016 ya nuna alamominsu sun yi sauƙi fiye da na waɗanda ba su samu horon ba.

An kuma ɗauki wannan tsari zuwa Gowa ta Indiya da Rawalpindi ta Pakistan, inda ma'aikatan lafiya waɗanda ba ƙwararru ba suka koyar da iyaye, kuma aka ga amfaninsa a mu'amalar iyayen da yaran. Hukumar Lafiya ta Duniya ita ma ta tsara horo ga masu renon yara 'yan shekara 2 zuwa 9, mai zama tara na rukuni da ziyarar gida uku. Ba a sharɗanta sai likita ya tabbatar da sunan lalurar kafin a shiga ba, kuma an gwada shi a Habasha da Kenya.

Abin da ake koyarwa ba ya buƙatar kayan waje. A sauko daidai tsayin yaro a fuskance shi. A bi abin da hankalinsa ya tafi kai: idan marafan kwalba yake jerawa, a zauna a miƙa masa ɗaya, a ambaci sunansa. A taƙaita magana, "ruwa" maimakon dogon jawabi. A yi masa cakulkuli ko wasan ɓuya, a tsaya a tsakiya a saurara. Idan ya kalli mai wasan, ko ya miƙo hannu, ko ya yi wani sauti, to ya yi magana ke nan, a amsa masa nan take. Wanka, cin tuwo da sa riga duk darussa ne, domin kullum ana maimaita su.

Batun harshe

Yaranmu da yawa suna tashi da Hausa a gida, Faransanci ko Ingilishi a makaranta, wani lokaci har da Zabarmanci ko Fulatanci a unguwa. Akan shawarci iyayen yaro mai nauyin baki su bar Hausa su riƙe harshen makaranta kaɗai, wai don kada ya rikice. Binciken da aka yi a kan yara masu otizim da ke tashi da harshe biyu, musamman a Kanada, bai nuna cewa harshe na biyu yana ƙara musu jinkiri ba. Asarar da ke cikin wannan shawara kuwa a fili take. Kakar da ba ta jin Faransanci an rufe mata baki, uwa kuma ta koma yin magana a ɗarare. Yaron da ya fi kowa buƙatar a yi masa magana shi ne zai fi kowa rasa masu yi masa ita.

Abin da za a iya cewa a kan wannan ra'ayi

Wani zai ce an ƙara wa uwa kaya, ga daka, ga ɗiban ruwa, ga sauran yara. Wannan ƙorafi yana da tushe, shi ya sa bai kamata horon ya tsaya kan uwa kaɗai ba. Gidan Bahaushe gidan yawa ne: akwai uba, kaka, abokiyar zama da yayye. Abin da iyali a Turai ke biyan kuɗi su samu, wato hannaye da yawa a kan yaro ɗaya, mu muna da shi, sai dai ba a sanar da hannayen abin yi ba.

Wani kuma zai ce, idan ya zamana nauyin baki ne kawai fa? To babu abin da aka rasa. Wasa da sauraro ba sa cutar da kowane yaro. Hasali ma matakin farko shi ne gwajin ji, domin kurumta tana kama da otizim, kuma idan akwai farfaɗiya, wadda kan zo tare da lalurar, tana da magani a asibiti.

Akwai kuma manya masu otizim da ke sukar horon da ke tilasta wa yaro haɗa ido ko hana shi kaɗa hannu, don kawai ya yi kama da kowa. Ya kamata a saurare su. Mukan ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi, kuma karin maganar ta dace ta fuskar lokaci. Ta fuskar manufa kuwa sai an yi hattara. Abin nema shi ne yaro ya iya cewa yana jin yunwa, ko ciwo, ko ba ya so, da baki ne, da hannu ne, ko da hoto. Otizim ba ya da maganin da ke kawar da shi, kuma duk mai sayar da irin wannan magani yana cin kuɗin masu neman mafita ne. Addu'a ba ta hana horo, amma duka, ɗauri da turaren barkono zalunci ne.

Kammalawa

Hanyar isa ga iyaye tana nan a shimfiɗe. Mata suna kai yara awo da rigakafi, kuma tun 2006 Nijar ta ayyana kula da lafiyar 'yan ƙasa da shekara biyar kyauta. Ma'aikaciyar da ke auna nauyin yaro tana iya ƙara tambaya uku: yana amsa sunansa, yana nuna abu da yatsa, ya rasa kalmar da ya iya? Nauyin horar da ita yana kan hukuma. Nauyin sama mata kalmomi kuwa yana kan masu nazarin Hausa, domin har yanzu muna buƙatar suna marar cin fuska ga lalurar, da tambayoyin gwaji da kaka za ta fahimta, da darussan iyaye da za a iya karantawa a rediyo. Wanda yaronsa ya wuce shekara biyar kada ya yanke ƙauna, koyo ba ya tsayawa. Wanda nasa bai kai ba kuwa, ya shimfiɗa tabarma yau, ya zauna kusa da shi, ya miƙa masa marfin kwalba, ya saurari abin da zai yi.