Mai Kujerar Yawon Buɗe Ido, Ka San Hanyar Filinge?

Ƴan'uwa ɗalibai, ku duba takardun tallar Nijar: Agadas, Tenere, raƙuman dawa na Kure, shi ke nan. Sai ka ce Kurfai ba cikin ƙasar nan take ba!

Duk wanda aka ɗora bisa hukumar tallata yawon buɗe ido, idonsa na filin jirgin Yamai, yana jiran Bature. To, tun harin Kure na 9 ga Agusta 2020, da ya ci rai takwas, Bature ya ja baya. Zaman jiran wa ake yi kuma?

Baƙon da muke buƙata ɗan ƙasa ne. Ɗalibai nawa na Yamai suka taɓa ganin shanun Azawak na Tukunus, ko tsaunukan Dallol Boso? Tafiyar kimanin kilomita 200 ce.

Za a ce babu tsaro. Gaskiya ne, mu muke kwana da shi. Amma shugaban da bai taɓa tako nan ba, da wane baki zai nema mana tsaron hanya?

Kujerar nan ba ladar siyasa ba ce. A ba wanda ya san ƙasa. Mai ɗaki shi ya san inda yake yoyo.