Kaya Ba Suna, Riba Ta Wani

Duk wanda ya taɓa zuwa karar shanu ta Fataskum ranar Laraba ya ga abin da ake yi kafin a fara lodi. Kowane falke yakan sa yaransa su bi shanunsa da fenti suna yi musu lamba, wani a gadon baya, wani a ƙaho, wani harafi, wani zobe, wani ɗigo biyu. Dalili kuwa a fili yake. Mota guda takan ɗauko shanun mutum uku ko huɗu, tafiyar ta fi kilomita 1,000, kuma sau da yawa mai shanun ba ya biyo su. Idan aka sauke su a Agege ko a Badun, wannan lamba ita ce take magana a madadin mai dukiya.

Abin takaici shi ne, hikimar da aka yi wa shanu ba a yi wa sauran kayan da ke fitowa daga wannan yanki ba. Wake da gero da gyaɗa da riɗi na manoman Ƙaramar Hukumar Nangere, maƙwabciyar Fataskum, waɗanda ake tarawa a kasuwar Dawasa da sauran kasuwannin ƙauye, suna isowa Kudu ne a cikin tsofaffin buhunan da ke ɗauke da sunan wasu mutane dabam. Man gyaɗa da zuma suna zuwa a tsofaffin gorunan ruwa, kilishi a takardar da aka tsinto, yaji da ƙuli-ƙuli a farar leda. A kasuwar Mile 12 ta Ikko sai wani mai dabara ya saya, ya tsince, ya auna, ya zuba a leda mai suna da hoto, ya kai manyan kantuna ya sayar da daraja. Watau dai kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Wannan asara ba yau ta fara ba. Shekaru aru-aru fatake suna ɗaukar jemammiyar fatar jar akuyar Sakkwato su keta Sahara da ita zuwa Arewacin Afirka, daga can ta wuce Turai. Turawa suka yi ta yabon ta, suna yin bangon littattafai masu tsada da ita, amma sunan da suka san ta da shi shi ne fatar Maroko. Makiyayi da majemi sun yi wahala, suna ya tafi ga wanda kayan suka bi ta hannunsa.

To, amma kada a ɗauka cewa maganin abin shi ne duk mai tebur ya ruga wurin masu ɗab'i gobe da safe. Tambayar da ta kamata ɗan kasuwa ya yi wa kansa ita ce, yaushe ne lokaci ya yi? Gama a nan mutane sun kasu gida biyu, kuma kowane gida yana tafka asara.

Gida na farko su ne masu gaggawa. Yaro ya samu ɗan jari, bai riga ya san inda zai riƙa samun kaya a kai a kai ba, bai san ko masu saye za su dawo ba, amma ya kashe rabin jarin a kan allon shago da kati da leda mai launi huɗu. Lissafin abin ba shi da wuya. A ce, alal misali, zane da bugun mazubi sun ci Naira 200,000. Wanda ke sayar da kwalba 500 kafin takardun su ƙare masa amfani, kowace kwalba ta ɗauki nauyin Naira 400, abin da zai cinye ribarsa duka. Wanda kuwa ke sayar da kwalba 20,000, Naira 10 kacal kowace za ta ɗauka. Shi ne zai ce kwalliya ta biya kuɗin sabulu. Ban da wannan ma, suna a jikin kayan da bai zauna ba haɗari ne. Idan man yau ya yi kyau, na gobe ya yi ɗaci, tambarin nan shi ne zai nuna wa jama'a abin da za su guje wa.

Yana da kyau masu gaggawa su dubi tarihin Alhaji Aliko Ɗangote. Ya fara kasuwanci a 1977 da sarin kayan masarufi, ya daɗe yana saye da sayarwa, ya san kasuwa ciki da waje, sai a wajen ƙarshen shekarun 1990 ya juya sosai ga kafa masana'antu. Sunan da ake gani yau a jikin buhunan siminti da sukari da gishiri ya hau kan cinikin da ya riga ya kafu ne.

Gida na biyu su ne masu nawa, kuma su ne suka fi yawa a cikin 'yan Arewa mazauna Kudu. Mutum ya shekara goma yana sana'a, yana da yara biyar ko shida, kayansa suna zuwa garuruwan da bai taɓa takawa ba, amma idan aka yi masa zancen suna da tambari sai ya ce ai kowa ya san shi. Gaskiya ne an san shi a layinsu, amma kayan sun riga sun wuce layin.

Akwai alamun da ke nuna cewa lokaci ya yi, kuma kowa yana iya auna kansa da su.

Alama ta farko ita ce kaya su fara zuwa inda ba a san fuskar mai su ba. Cinikin Hausawa a Kudu tun asali a kan amana da sanayya aka gina shi. Tun da aka kafa unguwar Sabo ta Badun a 1916, maigida shi ne yake tsaya wa baƙon falke, mahauci ya ɗauki saniya bashi saboda maigida ya san shi, kuma kowa yana tsoron ɓata sunansa. Wannan tsari yana aiki ne muddin mai saye da mai sayarwa suna da wanda ya haɗa su. Amma matar da ta shiga babban kanti a Ikeja ko a Fatakwal ba ta da maigida, ba ta da dillali. Abin da ke rubuce a jikin mazubi shi ne kaɗai shaidar da take da ita.

Alama ta biyu ita ce kayan su zauna a kan hali guda. Ma'auni ya zama ɗaya, tsabta ɗaya, ɗanɗano ɗaya, rani da damina, kuma a tabbata ba za su yanke ba idan kaka ta wuce. Wanda bai kai nan ba, gara ya sa kuɗinsa a kan sikeli da wurin ajiya da injin tsince tsakuwa tukuna.

Alama ta uku ita ce masu saye su fara neman kayan mutum da sunansa, ko kuma a ji wasu sun fara sayar da nasu suna cewa nasa ne. Duk wanda aka fara yi wa haka ya sani cewa sunansa ya zama dukiya, kuma dukiyar da ba a killace ba ta kowa ce.

Alama ta huɗu ita ce a fara rufe wa mutum ƙofa saboda rashin takarda. Manyan kantuna da otal-otal da makarantun kwana ba sa karɓar abincin da aka ƙulla a mazubi sai da lambar hukumar NAFDAC, wadda aka kafa da dokar soja mai lamba 15 ta 1993. Ita kuwa hukumar tana bukatar a rubuta sunan kaya, da nauyinsu, da abin da aka haɗa su da shi, da sunan mai yin su da adireshinsa, da ranar da aka yi su da ranar da za su daina amfani. Ranar da aka ce wa ɗan kasuwa kayansa sun yi kyau amma ba za a karɓa ba sai da wannan, to ya tabbata rashin suna ya fara ci masa kuɗi.

Alama ta biyar ita ce ta aljihu: mutum ya iya biyan kuɗin aikin daga cikin riba, ba tare da ya taɓa uwar kuɗi ko ya ci bashi mai nauyi ba.

Idan waɗannan alamu suka taru, sai a bi abin daki-daki. Da farko a zaɓi suna gajere wanda Bahaushe da Bayarabe da Ibo za su iya furtawa ba tare da wahala ba. Sa'an nan a yi wa sana'ar rajista a Hukumar Rajistar Kamfanoni, watau CAC, wadda ta samu da dokar kamfanoni ta 1990. A nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, suna zaton takardar CAC ta kare musu sunan kayansu. Ba haka ba ne. Kare suna da tambari aikin wani ofishi ne dabam da ke Abuja, a ƙarƙashin Ma'aikatar Masana'antu da Ciniki da Zuba Jari ta Tarayya, bisa dokar tambarin kasuwanci ta 1965. A can ake bincika ko wani ya riga ya ɗauki sunan, a buga shi a mujallar ofishin, a ba da wata biyu ko akwai mai ja, sa'an nan a ba da takardar shaida. Rajistar farko ta shekara 7 ce, bayan haka ana sabuntawa duk shekara 14. Lalle ne a yi wannan bincike kafin a buga leda ko guda, domin wanda ya buga dubu hamsin sa'an nan ya tarar sunan na wani ne, ya zuba kuɗinsa a rijiya.

Bayan haka ne ake neman gwanin zane. Ɗan'uwa mai kwamfuta yana iya yin abin da zai ishi mai tebur, amma wanda kayansa za su zauna a kanta kusa da na manyan kamfanoni yana bukatar wanda ya san aikin. Gwani shi ne wanda zai tambayi su wane ne masu saye kafin ya ɗauki alƙalami, ya yi zanen da za a gane daga nesa, wanda zai fito sosai a babban buhu da ƙaramar kwalba, ko da launi ɗaya aka buga shi. Kuma a tuna cewa da yawa daga cikin masu saye da hoto suke gane kaya, shi ya sa ake jin ana cewa magi mai tauraro, batir mai kan damisa, siminti mai giwa. A rubuta yarjejeniya cewa zanen ya zama mallakar wanda ya biya, a karɓi asalinsa a hannu, don kada gobe mai ɗab'i na Shomolu ko na Kano ya riƙe shi ya hana mutum zuwa wani wuri.

Har ila yau akwai wani amfani na suna wanda ya shafi jama'a baki ɗaya. A 2015 Tarayyar Turai ta hana shigar da busasshen wake daga Nijeriya saboda yawan maganin ƙwari da aka samu a jikinsa. Hukuncin ya hau kan kowa, da wanda ya zuba guba a rumbunsa da wanda ya adana nasa da tsabta, domin babu yadda za a bambanta buhun wannan da na wancan. Inda kaya ke ɗauke da sunan mai su, mai laifi shi ake kamawa, mai gaskiya kuma ya ci gaba da cinikinsa. Ga yanki mai noman wake kamar Nangere da Fataskum, wannan ba ƙaramar magana ba ce.

Da yake ƙaramin manomi ko mace mai matsar mai a gida ba za su iya ɗaukar wannan nauyi su kaɗai ba, hanya mafi sauƙi ita ce haɗa kai. Ƙungiyar gama kai tana iya yin suna ɗaya da tambari ɗaya, ta sa ƙa'idar da duk mai son amfani da su zai bi, ta kori wanda ya saɓa. Maƙwabta a Jamhuriyar Nijar sun riga sun nuna hanya, gama kilishinsu da albasar Galmi suna da rajistar da ta kare sunansu.

Saboda haka ya kamata Gwamnatin Jihar Yobe da Ƙaramar Hukumar Nangere su taimaka wa irin waɗannan ƙungiyoyi da wurin tsince hatsi da ƙulla shi da tsabta, da jami'an da za su raka su wajen neman rajista. Sarakunan Hausawa na Agege da Idi-Araba da Sabo, da shugabannin kasuwanni, su ma suna da rawar da za su taka wajen wayar da kan jama'arsu, tun da su ne ke ganin yadda kayan gida ke canja suna a gaban idonsu. 'Yan makarantar da suka koyi zane da lissafin kuɗi kuma su tuna cewa sana'ar iyayensu ta fi kowace bukatar iliminsu.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Mai ƙaramin jari ya yi haƙuri ya gyara kayansa tukuna, kada ya yi wa ƙasa ado. Wanda kuwa kayansa suka zauna, suka yi nisa, ake neman su, to kowace mota da ta taso daga Fataskum da kayansa ba suna, ribarsa ce ta tafi aljihun wani. Allah Ya sa albarka a cikin nema, Ya ba mai gaskiya sa'a.